Yadda Ake Gane Hannun Magatakarda a Tsofaffin Littattafan Ingila, 1300 zuwa 1500

Kafin William Caxton ya kafa na'urar ɗab'i a Westminster a 1476, duk littafin da aka yi a Ingila da hannu aka kwafe shi, harafi bayan harafi, da alƙalamin gashin dinya, a kan fata ko takarda. Mafi yawan waɗanda suka sha wannan wahala ba su bar sunansu a ko'ina ba. Mawaƙi Geoffrey Chaucer, wanda ya rasu a 1400, bai bar mana kwafin littafinsa Canterbury Tales ko ɗaya da hannunsa ba. Abin da ya iso gare mu kwafe-kwafe ne sama da 80, wasu cikakku wasu gutsattsari, kuma kowane ɗaya sai da ya bi ta idon wani mutum da hannunsa. Wanda ya gane hannun da ya rubuta littafi ya kama hanyar sanin inda aka yi shi, da lokacin da aka yi shi, da kusancinsa da mawallafin. Shi ya sa aikin ya cancanci a yi shi da natsuwa. Ga yadda ake bi, daga buɗe littafi har zuwa ambaton suna, in har akwai sunan da za a ambata.

Mataki na farko: raba salo da hannu

Salo shi ne tsarin haruffan da aka koya wa mutum. Hannu kuwa shi ne abin da ya fito a takarda lokacin da shi wannan mutumin ya yi ƙoƙarin bin tsarin. Wanda ya tashi a tsangaya yana ɗaga warƙa zai ce maka wannan rubutun Barno ne, wancan na Kano ne, amma kafin ya raba hannun malam da na babban almajirinsa sai ya zauna ya duba da kyau. Haka abin yake a nan. Mutum dubu suna iya yin salo ɗaya, mutum ɗaya kuma yana iya yin salo uku.

Masanin tsofaffin rubuce-rubuce Malcolm Parkes ne ya daidaita sunayen salon wannan zamani a littafinsa na 1969, kuma har yau da su ake aiki. Uku za ka fi cin karo da su.

Tekstura shi ne rubutun alfarma, mai kauri da kusurwoyi, kowane harafi a tsaye shi kaɗai. An fi yin littattafan ibada da shi. Ya fi kowane salo wuyar gane hannu, domin ƙa'idarsa ta yi tsauri har ba ta barin ɗabi'ar mutum ta fito sosai.

Angilikana shi ne rubutun gida na Ingila, mai gudu, wanda ya taso daga takardun ofis a ƙarni na 13 ya shiga littattafai. Alamominsa: a mai ɗaki biyu, ɗaya bisa ɗaya, wanda yakan ɗara maƙwabtansa tsawo, g mai kama da lamba 8, r dogo da ke sauka ƙasan layi ya tsage biyu, s na ƙarshen kalma mai kama da lamba 6, d mai lanƙwasa a ka, sai w mai ƙawa da yawa, wanda in ka kalle shi sai ka ga kamar an rubuta 113. Akwai nau'insa na kwalliya, wanda ake tsayar da alƙalami a gyara ƙafafun haruffa, kuma da shi aka rubuta manyan kwafe-kwafen Chaucer na farko.

Sakatari ya shigo daga Faransa wajen shekarun 1370, ya fara zama a ofisoshi kafin ya mamaye littattafai a ƙarni na 15. Shi a ɗinsa ɗaki ɗaya ne. G ɗinsa ɗaki ɗaya ne da ƙaho a sama da wutsiya a buɗe. R gajere ne yana zaune a kan layi. S na ƙarshe kamar ƙaramin B. F da dogon s kuwa masu kauri ne a sama, su sirance su yi tsini a ƙasa.

Abin da ya sa wannan zamani ya fi daɗin aiki shi ne cakuɗa. Bayan 1400 da wuya ka sami magatakardan da ya tsaya a salo ɗaya tsantsa. Wani zai ɗauki a na Sakatari ya riƙe g na Angilikana, wani ya yi akasin haka. Wannan zaɓi, wanda mutum kan yi tun yana koyo ya zame masa jiki, shi ne ƙofar farko ta gane shi.

Mataki na biyu: duba ginin littafin kafin harafi

Littafin wancan zamani ɗauri-ɗauri ake haɗa shi. Ana ninke faffaɗan warƙoƙi a saka wani cikin wani, galibi ɗauri ɗaya ya ba da warƙa takwas, wani lokaci goma sha biyu. Nemi bayanin ɗaurin a kundin ɗakin karatun da ke riƙe da littafin, ka zana shi a takarda, domin sauyin hannu ya fi faruwa a inda ɗauri ya ƙare wani ya fara.

Misalin da kowa ke koyo da shi yana Kwalejin Trinity ta Cambridge, lamba R.3.2, kwafin Confessio Amantis na mawaƙi John Gower. A 1978 A. I. Doyle da Parkes suka nuna cewa mutum biyar ne suka rubuta shi, suka sa musu A, B, C, D da E, suka kuma nuna cewa rabon aikin ya bi ɗauri: an warware littafin da ake kwafa daga gare shi, an rarraba wa masu kwafi, kowa ya je ya yi nasa. Daga wannan littafi guda aka gane cewa B shi ne ya rubuta shahararrun kwafe-kwafen Canterbury Tales biyu, Hengwrt da ke Aberystwyth a Wales da Ellesmere da ke ɗakin karatu na Huntington a Kalifoniya. D shi ne ya rubuta wasu kwafe-kwafen Canterbury Tales biyu, masu lamba Harley 7334 da Corpus Christi 198 na Oxford. E kuwa mawaƙi Thomas Hoccleve ne da kansa.

Rubuta girman shafi, da girman filin rubutu, da adadin layuka, da yadda aka ja layin: da dalma, da tawada, ko da tsinin ƙarfe kawai. In takarda ce, haska ta ka ga tambarin masana'anta da ke cikin jikinta. Ingila ba ta fara yin takardarta ba sai a shekarun 1490, saboda haka daga Italiya da Faransa ake shigo da ita, kuma kundin tamburan takarda na Briquet na 1907 yana taimakawa wajen kintata shekarun. Tambari iri ɗaya a littafi biyu yana nuna an sayi takarda a wuri ɗaya ko lokaci ɗaya. Bai isa ya nuna hannu ɗaya ba.

Mataki na uku: fuskar shafi da tafiyar alƙalami

Ja da baya ka kalli shafin gaba ɗaya ba tare da karantawa ba. A tsaye haruffan suke ko sun karkata? Sun matsu ko sun sake? Yaya tsawon dogayen haruffa yake in an gwada da gajeru? Wutsiyoyin layin sama suna taɓa kawunan layin ƙasa? Wannan kallo na farko yana da amfani, amma shi ne kuma ya fi yaudara, domin fuskar shafi tana sauyawa da girman littafi, da kuɗin da aka biya, da gaggawar da ake ciki.

Abin da ya fi tsayawa shi ne tafiyar alƙalami: daga ina ya fara harafin, sau nawa ya ɗaga hannu, ta ina ya juya, a wace kusurwa ya riƙe alƙalamin. Ƙara girman hoton har ka ga inda tawada ta hau kan tawada. Mutum biyu suna iya fitar da d mai kama ɗaya, amma ɗaya ya yi shi da jan alƙalami guda, ɗayan ya yi ciki tukuna sannan ya dawo ya ɗora kai. Dubi gajerun sandunan da ke gina i, m, n da u: an haɗa su a guje kamar haƙoran zarto, ko kowace an tsayar da ita an yi mata ƙafa?

Kada sauyin launin tawada ya ruɗe ka. Tawadarsu haɗin gida ce, ta ƙullutun itacen oak da gishirin ƙarfe da ƙaro, kuma kowane haɗi da irin launin da yake komawa bayan shekaru. Haka nan in aka fiƙe alƙalami, rubutu yakan sirance nan take a tsakiyar shafi. Sababbin shiga sukan ga wannan su ce hannu ya sauya, alhali mutumin wuƙa kawai ya ɗauka.

Mataki na huɗu: tattara haruffa

Nan ne aikin yake, kuma ba shi da gajeriyar hanya.

Zaɓi shafuka daga farkon rabon magatakardan, da tsakiya, da ƙarshe. Guji dogara da shafin farko, domin a nan kowa ke nuna gwaninta, ya rubuta abin da ba haka ya saba ba. Shafin da ya fi faɗin gaskiya shi ne na can tsakiyar ɗauri, kusa da ƙasan shafi, inda hannu ya gaji ya koma ga abin da ya fi masa sauƙi.

Linne Mooney da Simon Horobin da Estelle Stubbs, a babban aikin da suka fitar a 2011 kan masu kwafin littattafan Chaucer, Gower, Langland, Hoccleve da Trevisa, sun ɗauki haruffa takwas a matsayin ma'auni: a, d, g, h, r, s, w da y. Fara da su, ka ƙara þ, wanda ke tsayawa a madadin th, da ȝ, wanda ke tsayawa a madadin y ko gh. Buɗe jadawali, kowane harafi ka yanko hotonsa a farkon kalma, a tsakiya, da ƙarshe, aƙalla misali goma-goma, ka rubuta warƙa da layin da ka ɗauko shi.

Ga irin tambayoyin da za ka yi wa kowanne. A g, ɗakin ƙasa a rufe yake ko a buɗe, ya fi na sama girma ko bai kai shi ba, wutsiyar ta nufi hagu ko ta juyo dama? Akwai wani magatakarda na rabin ƙarni na 15 na biyu da masana ba su san sunansa ba, suna kiransa da mai g mai ƙugiya, saboda yadda wutsiyar g ɗinsa ke lanƙwashewa. A h, ƙafar dama tana tsayawa a layi, ko tana sauka ta lanƙwasa hagu, ko ta juyo dama a ƙarshe? A y, akwai ɗigo a kansa, kuma ina wutsiyar ta nufa? A w, kawunan biyu na farko a lanƙwashe suke ko a miƙe, kuma ɓangaren dama ɗaki ɗaya ne ko biyu? Game da þ, lura ko yana bambanta shi da y. Masu kwafi da yawa na arewacin Ingila siffa ɗaya suke yi wa haruffan biyu, kuma wannan kaɗai yana iya nuna maka yankin da mutum ya koyi rubutu.

Sai dai siffar harafi ita kaɗai ba ta isa hujja ba. Abin da ya fi ƙarfi shi ne inda mutum yake sa kowace siffa. Ɗauki r. Kusan kowa yana da r iri biyu ko uku: dogo, gajere, da mai kama da lamba 2. Tsohuwar ƙa'ida ita ce mai kama da 2 yana zuwa bayan o. Wani magatakarda zai tsaya a nan. Wani zai sa shi bayan duk harafi mai zagaye, kamar b da p. Wani a ƙarshen ƙarni na 15 zai sa shi har a farkon kalma. Haka s: wanne yake sawa a farkon kalma, dogo ko mai kama da 6? Ƙirga. In ka sami cewa a littafi ɗaya dogon r ne ke zuwa a ƙarshen kalma kusan kullum, a ɗayan kuma ba ya zuwa sam, to kana da tambayar da dole ka amsa, ko da sauran haruffa sun yi kama kamar an tsaga kara.

Ni a ganina wannan ƙirga ita ce ke raba bincike da zato. Ido yana son ya ga kama, musamman in zuciya ta riga ta yanke hukunci. Lamba ba ta san abin da kake fata ba.

Mataki na biyar: abubuwan da bai yi tunani a kansu ba

Magatakarda yana sane da manyan haruffansa, yana iya sauya su don ya burge mai ba da aiki. Ƙananan ɗabi'u kuwa ba ya lura da su, don haka suke binsa daga littafi zuwa littafi.

Dubi taƙaita kalmomi. Layin da ake ja a saman wasali a madadin m ko n: miƙaƙƙe ne, ko lanƙwasasshe, ko da ɗigo a ƙarƙashinsa? Alamar da ke tsayawa a madadin "and": an ratsa ta da layi ko ba a ratsa ba, an ɗora mata wani abu a ka? Yana rubuta þat cikakke ko þ da ƙaramin t a sama? Dubi jan alƙalamin banza da wasu ke ƙarawa a ƙarshen kalma, layin da ke ratsa ll ko h, ko 'yar wutsiyar da ke bin d ko g ba tare da tana nufin komai ba. Dubi yadda yake sa wa i alama, da ɗigo ko da siririn layi. Dubi alamomin tsayawa: magatakarda B yakan raba layin waƙa da karkataccen layi a tsakiya.

Sannan gefen shafi. A ƙasan shafin ƙarshe na kowane ɗauri akan rubuta kalmar da za ta buɗe ɗauri na gaba, don kada mai ɗinki ya rikice. Wani yana barinta tsirara, wani ya ja mata layi, wani ya zana mata akwati ko naɗaɗɗiyar takarda. Yadda yake gyara kuskure ma shaida ne: ya kankare da wuƙa, ya jera ɗigo a ƙarƙashin kalmar, ko ya soke ta. Ka tuna dai cewa jan rubutu da manyan haruffa masu launi sau da yawa aikin wani ne daban, saboda haka kada ka ɗora wa magatakarda abin da mai ado ya yi.

Mataki na shida: yadda yake rubuta kalmomi

A wancan zamani Ingilishi ba shi da daidaitacciyar ƙa'idar rubutu. Kowa yana rubutawa yadda aka saba a yankinsu. Kalmar da ke nufin "ita" tana zuwa a matsayin sche, she, scho ko heo. Coci yana zuwa a chirche, cherche, churche, a arewa kuma kirk. Kalmar da yau ake rubutawa through an tattara mata siffofi kimanin 500. A 1986 Angus McIntosh da M. L. Samuels da Michael Benskin suka fitar da taswirar karin harsunan Ingilishi na wannan zamani cikin juzu'i huɗu, wadda ke ba ka damar ɗaukar jerin kalmomin magatakarda ka ga yankin da suka haɗu a kai.

Zaɓi kalmomi talatin ko arba'in da ke yawan maimaituwa, irin su waɗanda ke nufin "su", "kowane", "da yawa", "ko da yake", "ba", "kafin", ka rubuta kowace siffa da yawan zuwanta. Amma kafin ka yi amfani da sakamakon, sai ka san wane irin mai kwafi ne a gabanka. McIntosh ya kasa su uku: mai kwafa harafi da harafi yadda ya gani, mai mayar da komai zuwa karin harshensa, da mai cakuɗawa. Na farko, rubutun kalmominsa na littafin da ya kwafa ne, ba nasa ba. Na uku yakan fara da bin abin da ke gabansa, in ya yi nisa ya saki jiki ya koma nasa, shi ya sa ɗaukar samfuri daga wurare da dama ya zama dole.

Magatakarda D misali ne mai kyau. Jeremy Smith ya nuna cewa a ƙarƙashin Ingilishin Landan da yake rubutawa akwai burbushin karin yammacin tsakiyar Ingila, kuma saboda yawan kwafar Gower da ya yi, wasu siffofin kalmomin Gower sun manne masa har ya kai su cikin kwafin Chaucer. Hannu yana koyo daga abin da yake kwafa.

Ko a kan Hengwrt da Ellesmere an yi jayayya ta wannan fuska. A 1982 Vance Ramsey ya kafa hujja da bambancin rubutun kalmomi ya ce mutum biyu ne. A 1983 Samuels ya amsa cewa bambancin irin wanda mutum ɗaya ke yi ne in lokaci ya shuɗe. Mafi yawan masana suna tare da Samuels.

Mataki na bakwai: ba wa shekaru haƙƙinsu

Hannun ɗan shekara ashirin da biyar ba shi ne hannunsa yana da sittin ba. Hoccleve, wanda ya shafe rayuwarsa yana akawu a ofishin Ƙaramin Hatimin Sarki, ya koka a waƙarsa cewa rubutu na sama da shekara ashirin ya lalata masa ciki da baya da idanu. Wani magatakarda, John Shirley, ya rasu a 1456 yana kusan shekara 90, kuma littafinsa mai lamba Ashmole 59 da ke ɗakin karatu na Bodleian a Oxford aikin tsufa ne.

Wanda ya nuna yadda ake cin moriyar wannan shi ne Carter Revard. Littafin Harley 2253, wanda ya adana mafi kyawun gajerun waƙoƙin Ingilishi na kafin Chaucer, ba a san sunan wanda ya kwafe shi ba. Revard ya bi tarin takardun filaye da yarjejeniyoyi na yankin Ludlow har ya gano guda 41 da hannun mutumin, masu kwanan wata daga 1314 zuwa 1349. Da ya jera su bisa shekara, sai ga yadda haruffan mutumin suka riƙa sauyawa a hankali, daga nan aka iya cewa littafin waƙoƙin ya dace da hannunsa na wajen 1340. Har yau ba a san sunansa ba, amma an san garinsa, da irin mutanen da yake yi wa aiki, da tsawon shekarun da ya yi yana rubutu. Wannan ba ƙaramin sani ba ne.

In kana aiki da irin waɗannan takardu, lura cewa da shekarar sarautar sarki ake sa musu kwanan wata, kuma sabuwar shekara a Ingila ta lokacin tana farawa ne ranar 25 ga Maris.

Mataki na takwas: suna

Cewa hannu ɗaya ne ya rubuta littafi biyu mataki ne. Cewa hannun na wane ne, wani mataki ne daban, kuma yana buƙatar takardar da babu shakka mutumin ne ya rubuta ta.

Wani lokaci magatakarda yakan sa sunansa a ƙarshe. Robert Thornton na Yorkshire ya sa nasa a wurare da dama a littafinsa da ke babban cocin Lincoln. Wanda ya kwafi littafin Margery Kempe ya rufe da sunan Salthows. Yi hattara dai, domin mai kwafi na baya yakan kwafe har da sunan na gabansa, kuma sunan da ke gefen shafi yana iya zama na mai littafin.

Hujja mafi daɗi ita ce irin ta William Ebesham. A wajen 1468 zuwa 1469 ya aika wa Sir John Paston wasiƙa da lissafin kuɗin aikinsa, kwabo biyu a kowace warƙa ga wasu sassa, yana roƙon a biya shi, har yana neman a taimaka masa da tsohuwar riga. Wasiƙar tana nan, littafin da ya lissafa yana nan da lamba Lansdowne 285, kuma daga su Doyle ya bi hannunsa zuwa wasu littattafai a 1957. Hoccleve ma haka: akwai kundin samfurin wasiƙun ofis da ya haɗa, da littattafan waƙoƙinsa da ya rubuta da kansa, biyu a Huntington ɗaya a Durham.

Sai muhawarar da ta fi kowace tashe. A 2004 Mooney ta sanar, ta kuma wallafa a 2006, cewa magatakarda B shi ne Adam Pinkhurst, wanda ya rubuta rantsuwarsa ya sa hannu a rajistar ƙungiyar marubuta takardun shari'a ta Landan wajen 1392. Abin ya ja hankalin duniya domin akwai wata gajeriyar waƙa da ake danganta wa Chaucer, wadda Shirley ya adana, inda yake yi wa mai kwafinsa Adam faɗa kan sakaci da gaggawa. A 2013 ita da Stubbs suka ƙara da cewa D shi ne John Marchaunt, akawu a majalisar birnin Landan. Masana da yawa sun karɓa. Amma Jane Roberts a 2011 da Lawrence Warner a littafinsa na 2018 sun ƙi amincewa da batun Pinkhurst. Daga cikin matsalolin akwai cewa rantsuwar da Latin take, don haka ba za a gwada rubutun kalmomin Ingilishi da ita ba, kuma takardar rajista ce da mutum ya yi wa ado don nuna kansa, ba shafin littafin waƙa ba. Kama da wane ba ta wane, in ji masu iya magana. Shawarata ga mai koyo ita ce ya karanta ɓangarorin biyu da hotunan a gabansa, ya yi nasa jadawalin kafin ya ga na kowa. Babu darasin da ya fi wannan a fannin.

Mataki na ƙarshe: nemi abin da zai rushe ra'ayinka, sannan ka rubuta

In ka gamsu cewa hannu biyu ɗaya ne, ɗauko hannu na uku daga gari ɗaya da zamani ɗaya, wanda kowa ya yarda na wani ne daban, ka gwada shi da jadawalinka. Duk siffar da ta bayyana a wurinsa ma, cire ta daga hujjojinka, domin ta zamani ce ko ta ofis. Akawunan da suka koyi aiki a ɗaki ɗaya dole su yi kama. Abin da ya rage bayan wannan tankaɗe shi ne hujjarka ta gaskiya.

Hotuna sun sauƙaƙa aikin ƙwarai. Ɗakin karatu na Wren a Trinity, da Bodleian, da Parker a Cambridge, da Huntington, da ɗakunan karatu na ƙasa na Wales da Scotland duk sun sa littattafai da yawa a intanet kyauta. Na British Library sun sami cikas bayan kutsen da aka yi wa kwamfutocinsu a Oktoba 2023, daga baya aka fara dawo da su sannu a hankali. Ka tuna allon kwamfuta yana daidaita ƙaramin littafi da babba su zama girma ɗaya, saboda haka koyaushe duba awon da ke cikin kundi. In ka sami ganin littafin ido da ido, fensir kawai ake shiga da shi, da hannu wankakke busasshe, kuma ba a ɗora takarda a kai don bin sawun harafi.

Wajen rubuta sakamako, kawo lambar littafi da warƙa da layi ga kowane misali, ka sa hotunan gefe da gefe a girma ɗaya, ka jera bambance-bambancen da ka gani tare da kamannin, ka faɗi yadda kake fassara kowanne. Bayyana matsayinka da kalmar da ta dace da nauyin hujjar: tabbas, mai yiwuwa ƙwarai, ko dai makaranta ɗaya. Don gwaji na farko, buɗe littafin Auchinleck da ke Edinburgh, wanda aka yi a Landan a shekarun 1330. Wasu masana sun ƙirga masu kwafi shida a cikinsa, wasu biyar, domin ana jayayya ko na ɗaya da na shida mutum guda ne. Ɗauki shafi uku daga rabon kowannensu, ka fara da g da r da þ, sannan ka wuce ga rubutun kalmomi.